BARBARA JORDAN: 'YAR TALAKAWAN HOUSTON WADDA TA ZAUNA KUJERAR GWAMNAN TEKSAS

Ƙasar Amurka tarayya ce ta jihohi 50, kowace jiha da gwamnanta, da majalisar dokokinta, da kotunanta, kamar dai tsarin da Nijeriya ta ɗauka cikin shekara ta 1979. Galibi idan ana hirar manyan mutanen wannan ƙasa, hankali kan tafi ne ga birnin Washinton, inda shugaban ƙasa da majalisar tarayya suke. Amma yawancin dokokin da ke taɓa talaka kai tsaye, watau na makaranta, da na ƙwadago, da na rajistar masu zaɓe, a jihohi ake yin su. Saboda haka wanda ya gyara wani abu a majalisar jiha, sau da yawa ya fi kusa da tukunyar talaka bisa ga wanda sunansa ke yawo a jaridun duniya.

Yau za mu ba da tarihin wata mace baƙar fata, Barbara Jordan, wadda ta fara da aikin sa kai ba ko kwabo, ta shiga majalisar dattijai ta Jihar Teksas ita kaɗai cikin maza fararen fata 30, ta kai ga majalisar tarayya, daga bisani kuma ta komo jiharta ta ƙarasa rayuwarta tana koyar da masu shirin shiga aikin gwamnati.

ASALINTA DA ƘURUCIYARTA

An haifi Barbara Charline Jordan ranar 21 ga Fabrairu, 1936, a birnin Houston, a wata unguwa ta baƙar fata da ake kira Unguwa ta Biyar. Ita ce auta cikin 'ya'ya mata uku. Mahaifinta, Benjamin Jordan, ma'aikacin sito ne, daga baya ya zama mai wa'azi a cocin Baptis. Mahaifiyarta, Arlyne, an san ta tun tana budurwa da iya magana a gaban taron coci. Gida ne na tsanani da horo, inda ba a wasa da karatu, ba a kuma yarda yaro ya yi magana da sakaci ba.

Wanda ya fi shiga ranta tun tana ƙarama shi ne kakanta na wajen uwa, John Ed Patten, mai sana'ar tara tsummoki da tsofaffin ƙarafa yana sayarwa. Ranar Lahadi takan je ta taya shi ware kaya. Shi ne ya dasa mata tunanin cewa kada ta ɗauki kanta a kan ma'aunin da wasu suka ajiye mata. A dangin mahaifiyar tata kuwa akwai tarihin siyasa, domin mahaifin kakan nata, Edward Patton, ya taɓa zama a majalisar wakilai ta Teksas a farkon shekarun 1890, yana cikin baƙar fata na ƙarshe da suka zauna a can kafin a rufe ƙofar.

Wajibi ne mai karatu ya san yadda aka rufe wannan ƙofa. Sai a watan Yuni na 1865 aka sanar da bayin Teksas cewa sun sami 'yanci, bayan yaƙin basasar Amurka. Shekaru kaɗan bayan haka baƙar fata suka yi zaɓe, har suka aika da wakilai majalisa. Amma da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga jihohin Kudu, sai masu iko suka shiga ƙulle-ƙulle. Cikin 1902 Teksas ta ɗora harajin jefa ƙuri'a, wanda talaka, baƙi ko fari, ba ya iya biya cikin sauƙi. Aka kuma hana baƙar fata shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat, alhali kuwa a Teksas ta wancan zamani duk wanda ya ci wannan zaɓe ya riga ya ci kujera. Sai cikin 1944 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hani, a ƙarar da wani likitan haƙori na Houston, Lonnie Smith, ya shigar. Lokacin Barbara tana da shekara takwas.

Ta tashi cikin wariya a kowane fanni: makaranta dabam, wurin zama a motar haya dabam, famfon shan ruwa dabam. Ta yi sakandare a makarantar Phillis Wheatley, ta baƙar fata zalla, inda ta yi fice a gasar muhawara da jawabi. A nan ne wata lauya baƙar fata daga birnin Chicago, Edith Sampson, ta zo ta yi wa ɗalibai jawabi a kan sana'o'i. Tun daga ranar yarinyar ta ƙudura a ranta cewa lauya za ta zama. Ta gama makarantar cikin 1952.

NEMAN ILMI

Daga nan ta shiga Jami'ar Texas Southern, a nan Houston. Ita kanta wannan jami'a 'yar wariya ce, domin gwamnatin jihar ta kafa ta ne cikin 1947 don kada ta buɗe wa baƙar fata ƙofar babbar Jami'ar Teksas, bayan wani ma'aikacin gidan waya, Heman Sweatt, ya kai ƙara yana neman gurbin koyon aikin lauya. A jami'ar Barbara ta haɗu da malamin muhawara, Thomas Freeman, wanda ya goge mata harshe, ya koya mata jera hujja bisa hujja. Ƙungiyarsu ta zaga ƙasa tana karawa da manyan jami'o'i, har ta yi kunnen doki da ta Jami'ar Harvard. Ta sami digirinta da babban yabo cikin 1956.

Sa'an nan ta nufi Arewa, zuwa sashen koyon shari'a na Jami'ar Boston. A can ne ta gane, da ɗaci, irin cutar da wariya ta yi mata. Ta tarar abokan karatunta fararen fata sun riga ta nisa a karance-karance da salon tunani, ta kuma fahimci cewa iya magana kaɗai ba ya fid da mutum a gaban malamin shari'a. Ba ta tsaya kuka ba. Ta rage barci, ta duƙufa, har ta kammala cikin 1959. Ta ci jarrabawar zama lauya a Jihar Massachusetts da kuma ta Teksas, ta ɗan koyar a makarantar Tuskegee da ke Alabama, sa'an nan ta koma gida. Da yake ba ta da kuɗin hayar ofis, a kan teburin cin abinci na gidan iyayenta ta fara karɓar masu neman lauya, kafin daga baya ta buɗe ofis a titin Lyons, cikin unguwarsu.

AIKIN SA KAI

Shekara ta 1960 shekarar zaɓen shugaban ƙasa ce. John Kennedy ya tsaya wa jam'iyyar Democrat, mataimakinsa kuwa Lyndon Johnson, ɗan Teksas. Sabuwar lauya ba ta da aiki da yawa, sai ta kai kanta ofishin jam'iyya na gundumar Harris, wadda Houston ke cikinta, ta ce a ba ta duk aikin da ke akwai. Aikin da aka fara ba ta shi ne cusa takardu a ambulan da manna kan sarki. Mai digiri biyu ce, amma ba ta raina shi ba.

Ba da jimawa ba ta shiga cikin masu tsara yadda za a bi unguwannin baƙar fata layi layi, a naɗa mutum ɗaya a kowane layi wanda zai san maƙwabtansa, ya tabbatar suna da takardar zaɓe, ran zaɓe kuma ya ga sun fita. Wata rana wanda aka shirya zai yi jawabi a wani coci bai zo ba, aka ce ta tsaya a madadinsa. Daga wannan dare shugabannin jam'iyya suka ɗauke ta daga teburin ambulan suka sa ta cikin masu yawon jawabi. Jama'ar unguwannin suka fita zaɓe ƙwarai da gaske a wannan shekara, Kennedy kuma ya ci Teksas da ƙaramar rata.

Wannan aiki na kyauta shi ne makarantarta ta siyasa. A cikinsa ta san mutane da sunayensu, ta san coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago, ta kuma san yadda ake ƙirga ƙuri'a tun kafin a jefa ta. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi.

FAƊUWA BIYU KAFIN NASARA

Cikin 1962 ta tsaya takarar majalisar wakilai ta jiha, ta faɗi. Cikin 1964 ta sake tsayawa, ta sake faɗuwa. Dalilin faɗuwar ba ɓoyayye ba ne. A lokacin, gundumar Harris gaba ɗayanta mazaɓa guda ce, kowane ɗan takara sai ya nemi ƙuri'ar dukkan gundumar. Ko da baƙar fata sun ba ta ƙuri'arsu kaf, rinjayen fararen fata sai ya haɗiye ta. 'Yan uwa da abokan arziki suka fara ba ta shawarar ta haƙura da siyasa ta yi aure. Ta yi tunani mai zurfi, ta zaɓi siyasa, ba ta kuwa yi aure ba har ƙarshen rayuwarta. A tsakanin nan ta yi aiki a ofishin alƙalin da ke shugabancin mulkin gundumar, Bill Elliott, tana kula da al'amuran jin daɗin jama'a, inda ta ga yadda gwamnati ke tafiya daga ciki.

Ana nan sai iska ta juya. Cikin 1964 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa dole mazaɓun majalisun jihohi su yi daidai da yawan jama'a, yadda ƙuri'ar mutumin birni za ta yi nauyi ɗaya da ta mutumin ƙauye. Cikin 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe. Cikin 1966 kotuna suka soke harajin ƙuri'a a zaɓen jihohi. Tilas Teksas ta sake yanka mazaɓunta, Houston ta sami ƙarin kujeru a majalisar dattijai, ɗaya daga ciki, mazaɓa ta 11, ta haɗa unguwannin baƙar fata, da na 'yan asalin Meksiko, da na fararen fata ma'aikata.

A wannan mazaɓa Barbara ta tsaya cikin 1966. Ta ka da wani ɗan majalisa farar fata mai suna Whitfield a zaɓen fid da gwani, ta kuma ci babban zaɓe. Ta zama baƙar fata ta farko da ta shiga majalisar dattijan Teksas tun 1883, sa'ad da wa'adin Walter Burton ya ƙare, kuma mace baƙar fata ta farko a majalisar dokokin jihar baki ɗaya. Ranar da aka rantsar da ita, cikin Janairun 1967, mutanen unguwarsu suka cika motoci suka zo Austin, babban birnin jihar, don su gani da idonsu.

ITA KAƊAI CIKIN TALATIN DA ƊAYA

Ba kamar jihohin Nijeriya ba, majalisar dokokin Teksas zaure biyu ce, na wakilai mai kujeru 150 da na dattijai mai kujeru 31. Sau ɗaya take zama a shekara biyu, na kwana 140, in ba gwamna ya kira zama na musamman ba. Albashin ɗan majalisa a wancan lokaci dala 4,800 ne a shekara, abin da ba ya riƙe gida, saboda haka kowa sai ya haɗa da sana'arsa. Mataimakin gwamna, wanda jama'a ke zaɓa dabam, shi ke shugabancin zauren dattijai, shi ke raba kwamitoci. Akwai kuma wata ƙa'ida mai muhimmanci a lokacin: ba a ɗauko wani ƙuduri a tattauna shi sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Ma'ana, mutum 11 suna iya tare kowace doka, wanda kuma ke son tasa ta wuce sai ya nemi 21.

Barbara ta duba wannan lissafi ta gane inda take. Abokan aikinta 30 duka maza ne fararen fata, wasunsu sun yi shekaru suna kare dokokin wariya. Da ta zaɓi ta riƙa tashi kullum tana la'antarsu, da jaridu sun so ta, amma da ko ƙuduri ɗaya nata bai wuce ba. Sai ta bi wata hanya. Ta zauna ta haddace littafin ƙa'idojin majalisa, har ta kusanci wani tsohon ɗan majalisa mai ra'ayin riƙau, Dorsey Hardeman, wanda kowa ya san shi ne gwanin waɗannan ƙa'idoji, tana lura da yadda yake amfani da su. Ba ta cika magana a zaure ba, in kuwa ta tashi, to, ta riga ta karanta takardun fiye da kowa. Takan halarci liyafofinsu, ta yi raha da su, amma ba ta yarda a raina ta ba. In ta yi alkawarin ƙuri'a, ba ta saɓawa. Kafin zaman farko ya ƙare, abokan aikin nata suka zaɓe ta a matsayin wadda ta fi fice cikin sababbin shiga.

Saboda sake yanka mazaɓu, an jefa ƙuri'ar sa'a don raba wa'adi, ita kuwa ta sami na shekara biyu. Ta sake tsayawa cikin 1968, ta sami wa'adin shekara huɗu. Aka ba ta shugabancin kwamitin da ke kula da dangantakar ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, kuma a nan ne ta yi aikin da talakawan Teksas suka fi amfana da shi.

Na farko shi ne dokar mafi ƙarancin lada. Gwamnatin tarayya tana da irin wannan doka tun 1938, amma ta bar ɗimbin ma'aikata a waje, musamman na gona da na ƙananan sana'o'i, waɗanda a Teksas yawancinsu baƙar fata ne da 'yan asalin Meksiko. Cikin 1966 ma'aikatan gona sun yi tattaki na ɗaruruwan mil daga kwarin kogin Rio Grande zuwa Austin suna neman dala 1.25 a awa, Gwamna John Connally ya tare su a hanya ya ƙi kiran majalisa. Cikin 1969 Barbara tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har jihar ta yi dokarta ta farko, wadda ta fara da wannan adadi na dala 1.25. Dokar ba ta rufe kowa ba, masu gonaki da 'yan kasuwa sun sa an zare wasu sassanta, amma an kafa tushen da babu shi a da.

Na biyu shi ne diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Ta jagoranci gyaran da ya ɗaga mafi yawan abin da ake biya a mako daga dala 35 zuwa dala 49. Mai hali zai ga wannan ƙari ba kome ba ne, amma ga leburan da injin ya cinye wa hannu, shi ne bambancin biyan haya da kwana a titi. Har ila yau ta yi fafutukar sa sharaɗin hana wariya cikin kwangilolin gwamnatin jiha, da neman kafa hukumar da za ta ga an yi adalci wajen ɗaukar aiki. Cikin 1972 tana cikin waɗanda suka sa majalisar ta amince da gyaran tsarin mulki na daidaita haƙƙin mata da maza. An ƙiyasta ƙudurorin da ta gabatar, ita kaɗai ko da haɗin gwiwa, sun kai 70.

GWAMNA TA KWANA ƊAYA

Cikin watan Maris na 1972 'yan majalisar dattijai suka zaɓe ta shugabar riƙo ta zaurensu, watau ta uku a jerin masu mulkin jiha. Akwai wata al'ada a Teksas ta karrama mai riƙe da wannan muƙami: gwamna da mataimakinsa su fita daga jihar rana ɗaya, a rantsar da shi gwamna. Ranar 10 ga Yuni, 1972, aka yi mata haka. Ta zama mace baƙar fata ta farko da ta riƙe ragamar wata jiha a Amurka, ko da na yini guda ne. Ɗalibai da mawaƙan coci daga Houston suka cika harabar majalisa. Amma murna ta zo da baƙin ciki. Mahaifinta, wanda ya zo ya ga wannan rana, ya yanke jiki ya faɗi bayan bikin, aka kai shi asibiti, kashegari ya rasu.

Kada mai karatu ya zaci hanyar da ta bi ba ta jawo mata suka ba. Wasu 'yan gwagwarmaya na ganin ta cika kusantar masu iko, irin su Mataimakin Gwamna Ben Barnes. Bayan ƙidayar 1970, tana cikin kwamitin da ya zana sababbin mazaɓun tarayya, aka fitar da mazaɓa ta 18 a tsakiyar Houston, wadda ta dace da ita. A lokaci guda kuma aka yayyanka tsohuwar mazaɓarta ta jiha yadda da wuya baƙar fata ya gaje ta. Wani ɗan majalisa baƙar fata, Curtis Graves, ya zarge ta da sayar da kujerar jama'a don ta sami ta gaba, ya kuma kara da ita a zaɓen fid da gwani. Masu zaɓe suka yanke hukunci, ta sami kimanin kashi 80 cikin 100. Duk da haka tambayar da ya tayar ba ta mutu ba, kuma tana gaban duk mai neman gyara daga cikin gwamnati: ina iyakar sassauci, ina mafarin miƙa wuya? Abin da ba a taɓa samu a kanta ba shi ne cin amanar dukiya. Cikin 1971 abin kunyar hannun jari na Sharpstown ya girgiza gwamnatin Teksas, ya kawo ƙarshen siyasar manya da yawa, amma ko ƙurarsa ba ta taɓa ta ba.

A MAJALISAR TARAYYA

Cikin Janairun 1973 ta kama aiki a majalisar wakilai ta tarayya, mace baƙar fata ta farko da aka zaɓa daga jihohin Kudu. Tsohon Shugaba Johnson, wanda ya lura da ita tun 1967 sa'ad da ya gayyace ta fadarsa shawara kan haƙƙin jama'a, ya taimaka aka sa ta a kwamitin shari'a. Ya rasu cikin wannan wata. Shekara guda da rabi bayan haka, wannan kwamiti ne ya zauna duba ko ya kamata a tsige Shugaba Richard Nixon saboda abin kunyar Watergate, watau fasa ofishin 'yan hamayya da ƙoƙarin ɓoye gaskiyar al'amarin.

Daren 25 ga Yuli, 1974, aka ba ta minti 15, ana nunawa a talabijin. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi siyasar jam'iyya ba. Ta tuna wa jama'a cewa sa'ad da aka rubuta tsarin mulkin ƙasar cikin 1787 ba a lissafa irinta a ciki ba, sai gyare-gyare da hukuncin kotuna suka shigar da ita, saboda haka ba za ta zura ido a rusa shi ba. Sa'an nan ta jera abin da magabata suka shimfiɗa game da tsige shugaba, ta auna kowanne da abin da bincike ya nuna. Kashegari sunanta ya cika ƙasa. Nixon ya yi murabus ranar 9 ga Agusta.

Ba ta manta da gida ba. Cikin 1975 ta yi tsaye aka faɗaɗa dokar kare haƙƙin zaɓe ta rufe masu magana da wasu harsuna, musamman Sifaniyanci, aka kuma sa Teksas cikin jihohin da sai sun nemi izinin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe, duk da adawar manyan jami'an jihar. Wannan sharaɗi na neman izini ya yi aiki har 2013, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake bi wajen ɗora shi. Cikin Yulin 1976 kuwa ita ce ta yi babban jawabin buɗe taron jam'iyyar Democrat a birnin Niu Yok, mace baƙar fata ta farko da aka ba wannan girma.

KOMAWA AJI

Tana tsakiyar tashe sai ta ba kowa mamaki. Bayan wa'adi uku ta ƙi sake tsayawa, ta bar majalisa cikin Janairun 1979, tana da shekara 42. Tun 1973 likitoci suka gano tana da wata cuta mai cin jijiyoyin laka da na ƙwaƙwalwa sannu a hankali, amma ta riƙe wannan a matsayin sirrinta. Ta fara da sanda, ta ƙare a keken guragu, sai dai muryarta da kaifin hankalinta ba su ragu ba.

Ta koma Austin ta zama shehun malami a makarantar koyon aikin gwamnati mai sunan Lyndon Johnson, a cikin Jami'ar Teksas, jami'ar da a lokacin ƙuruciyarta ba ta karɓar irinta. Ta yi shekara 17 tana koyar da ɗa'ar riƙe amanar jama'a. Ɗalibai sukan yi rububin ajinta, duk da an san ba ta lamunta wa wanda ya zo bai yi karatu ba.

Cikin 1991 Gwamna Ann Richards ta naɗa ta mai ba da shawara kan ɗa'ar aiki. Takan zauna da waɗanda aka ba muƙamai a hukumomin jiha, ta ja musu kunne a kan karɓar kyauta, da fifita dangi, da haɗa aikin ofis da kasuwancin kai. Cikin 1992 ta sake yin babban jawabi a taron jam'iyyarta, wannan karo daga kan keke. Cikin 1994 Shugaba Bill Clinton ya ba ta lambar 'yanci, mafi girman lambar da ake ba farar hula a ƙasar. Aikinta na ƙarshe shi ne shugabancin hukumar duba dokokin shige da fice, wadda ta ba da shawarar a rage yawan baƙin da ake karɓa a shekara, a tsananta wa masu ɗaukar marasa izini aiki, amma kada a tauye wa baƙin da suka shigo bisa doka haƙƙinsu. Wannan matsayi ya ɓata wa wasu tsofaffin masoyanta rai, ita kuwa ba ta janye ba.

Ta rasu a Austin ranar 17 ga Janairu, 1996, sanadiyyar ciwon huhu da ya biyo bayan sankarar jini, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. An binne ta a maƙabartar gwamnatin Jihar Teksas, inda ake ajiye manyan jihar, ita ce mace baƙar fata ta farko da aka kai can. Daga baya aka sa sunanta a zauren matafiya na filin jirgin saman Austin, aka kuma kafa mutum-mutuminta a harabar Jami'ar Teksas cikin 2009.

ABIN LURA

Abubuwa uku suka fito fili a wannan tarihi. Na ɗaya, hazaƙar mutum ba ta isa ita kaɗai. Barbara ta 1962 da ta 1966 mace ɗaya ce, abin da ya sauya shi ne dokar zaɓe da zanen mazaɓa, waɗanda wasu suka yi shekaru suna fafutuka a kotu da kan titi kafin a gyara. Na biyu, da ƙofa ta buɗe, ta tarar da ita a shirye, domin ta riga ta yi aikin da ba a biya, ta san jama'arta gida gida. Na uku, a cikin majalisa makaminta shi ne sanin ƙa'ida, da cika alkawari, da tsabtar hannu, har abokan gaba suka rasa ta inda za su kama ta.

Ɗalibin da ke ganin an danne shi tun daga makaranta, da ma'aikacin da ke ganin teburinsa ya yi ƙanƙanta da a yi wani abin kirki a kansa, kowannensu yana da abin dubawa a nan. Ba a tambayar girman kujerar da mutum ya zauna, sai dai abin da ya bari a kanta bayan ya tashi.